Labarin Mutum-mutumin Ƙarfe, daga Maƙera har Sararin Sama

Kowane yaron ƙauye ya san mutum-mutumi. Sanda ce a ke kafawa tsakiyar gona, a gitta mata wata, a rataya mata tsohuwar riga da malfa, don tsuntsaye su zaci mai gona na tsaye. To, da zamani ya kawo waɗansu injuna masu hannu, masu ɗauka da ajiyewa ba mutum riƙe da su, sai Hausawa suka ara musu wannan suna, gama ba su da wani da ya fi kusa. Sunan dai bai zauna daidai ba. Na gona yana da kamar mutum amma ba ya aiki, na ƙarfe kuwa yana aikin mutum amma galibi ba shi da kamarsa ko kaɗan. Wani hannu ne tilo kafe a daɓe, wani kuwa sai ka ce amalanke mai ƙafa shida.

Turawa suna ce masa robot, kalmar kuwa ba ta Ingilishi ba ce. A shekara ta 1920 wani marubuci mutumin ƙasar Cek, Karel Čapek, ya rubuta wasan kwaikwayo mai suna R.U.R., inda wani kamfani ke ƙera ma'aikata yana sayarwa, har daga baya suka tayar wa ɗan Adam. Wansa Josef ne ya ba shi sunan, daga kalmarsu robota, watau aikin tilas da talaka ya kan yi wa mai ƙasa kwana kaza a shekara ba lada, kamar noman gandun sarki a da. Tun daga sunan ka san abin da a ke nema: ma'aikacin da ba ya gajiya, ba ya ƙara, ba ya jiran ƙarshen wata.

Shi wannan buri tsoho ne ƙwarai. A Bagadaza, wajen shekara ta 850, akwai 'yan'uwa uku, Muhammadu da Ahmadu da Hasan, waɗanda a ke kira Banu Musa. Sun bar littafi mai bayanin dabaru wajen 100, su tuluna masu zuba abin sha iri biyu daga baki guda, da fitila mai tura lagwaninta da kanta. Sun kuma bayyana wata sarewa mai busa kanta, wadda ruwa ke juya mata wani gungume mai ƙusoshi, ƙusoshin su riƙa buɗe ramukan sarewa suna rufewa. In an sake zaman ƙusoshi sai waƙa ta sake. Mai karatu ya riƙe wannan, gama za mu sake gamuwa da shi.

Bayansu da shekara wajen 350 aka yi Isma'ilu Al-Jazari, makanikin sarakunan birnin Amid, wanda yau a ke kira Diyarbakir a ƙasar Turkiyya. Sarki Nasiruddin Mahmud ya umurce shi ya rubuta abin da ya ƙera, ya gama littafin cikin 1206, da bayanin na'ura 50 da zanensu. Wadda ta fi shahara ita ce agogon giwa. Cikin giwar akwai randa cike da ruwa, bisa ruwan akwai ƙwarya mai 'yar huda a gindi. Ruwa na shiga sannu sannu, rabin sa'a daidai sai ƙwarya ta nutse, ta ja igiya. Igiya ta saki wani ƙwallon ƙarfe daga soron da ke bisa giwa, ƙwallo ya faɗa bakin maciji, nauyinsa ya sa maciji ya sunkuyo, sunkuyawarsa ta ɗago ƙwaryar nan daga ruwa, mahayin giwa ya buga, tsuntsu ya yi kuka, aiki ya koma farko. Ya ƙera kuma masu zuba wa sarki ruwan wanke hannu su miƙa masa mayani, da injuna na ɗebo ruwa daga kogi. In ka ɗebe na ɗebo ruwan nan, sauran duk kayan fada ne, na ban mamaki da nishaɗi. A ganina dalili biyu ne. Ƙarfin da su ke da shi na ruwa ne da na dabba kurum, hannun ɗan Adam kuwa a lokacin ya fi kome araha. Wa zai ɓata shekara yana ƙera bawan tagulla alhali ga na jini a kasuwa?

Wurin da dabarar ƙusoshin nan ta fara shiga sana'a sosai shi ne masaƙa. A birnin Liyon na Faransa a kan saƙa alharini mai zane, da can kuwa sai an sa yaro ya riƙa ɗaga zaruruwa da hannu bisa faɗar masaƙi, yini guda su sami ɗan taƙi. A 1804 Joseph Jacquard ya haɗa masaƙa mai karanta kati. Katuna ne masu kauri an huhhuda su, an ɗinke su jere kamar sarƙa, kowane kati na jifa ɗaya na ƙoshiya. Inda akwai huda sai tsinke ya wuce zare ya ɗagu, inda babu sai zare ya zauna. Ashe zane ya bar kan masaƙi ya koma cikin kati. In ana son wani zane, ba sai an sake masaƙa ba, kati za a sake. Har hoton shi Jacquard aka saƙa cikin 1839 da kati 24,000. Daga nan ne Charles Babbage na Ingila ya ari dabarar kati don injin lissafinsa, kakan kwamfuta.

Masu sana'a ba su yi maraba da irin waɗannan abubuwa ba. A Ingila, daga 1811, masaƙa da masu gyaran ulu suka riƙa fita da dare suna farfasa sababbin injunan da ke rage musu lada. Majalisa ta mai da fasa inji laifin kisa cikin 1812, a farkon 1813 kuwa aka rataye mutum 17 a birnin York bisa laifuffukan wannan tarzoma. Ba ƙarfe su ke ƙi ba, yunwa su ke tsoro.

Sa'an nan Henry Ford ya zo da nasa tsari a Amurka cikin 1913. Maimakon makanikai su kewaye mota guda har su gama, sai ya sa mota ta riƙa tafiya bisa sarƙa, kowane mutum na tsaye wuri ɗaya yana ɗaura abu ɗaya tak. Aikin da ya kan ci sa'a 12 ya koma sa'a ɗaya da rabi. Amma mutane suka riƙa gudu, har a shekarar nan sai da ya ɗauki mutum sama da 50,000 kafin ya riƙe ma'aikata wajen 14,000, dole a 1914 ya ruɓanya lada zuwa dala 5 a yini. Abin lura a nan shi ne, Ford ya yanyanka aikin makaniki ƙanana ƙanana har ya zama ba ya bukatar tunani. Aikin da ba ya bukatar tunani kuwa, ko ba jima ko ba daɗe inji zai karɓe shi.

Wanda ya karɓa ɗin George Devol ne ya zana shi, ya kai takardar neman rajista cikin 1954. Bayan shekara biyu ya gamu da wani injiniya, Joseph Engelberger, wanda ya iya magana da attajirai, suka kafa kamfanin Unimation. A 1961 aka kafa injinsu na farko, Unimate, a wata ma'aikatar kamfanin General Motors kusa da birnin Trenton a jihar New Jersey. Wurin maƙera ce babba, inda a ke zuba narkakken ƙarfe cikin mazubi ana fid da mariƙin ƙofar mota da makamantansa. Ɗauko ƙarfen yana da zafi, cikin hayaƙi da tartsatsi, shi ne aikin da kowa ke ƙi. Unimate kuwa ba kome ba ne illa awartaki mai dogon hannu bisa akwatin ƙarfe, nauyinsa ya fi tan guda, ƙarfin mai da a ke turawa cikin bututu ke motsa gaɓoɓinsa.

Yadda a ke koya masa aiki shi ne abin sha'awa. Makaniki ya kan riƙe 'yar akwati mai maɓallai, ya kai hannun injin bakin mazubi, ya danna, ya sa ya damƙe, ya danna, ya juya shi zuwa kwamin ruwan sanyi, ya danna, ya sa ya saki. Kowace dannawa sai a rubuta zaman gaɓoɓin hannun bisa wata ganga mai maganaɗisu da ke cikinsa. In an gama, sai ya riƙa bin wannan sawu dare da rana, ba ya ƙara ba ya ragewa. In an so ya yi wani aiki sai a shafe a sake koya masa. Ka ga gungumen Banu Musa da katin Jacquard sun dawo cikin wata riga. Amma fa makaho ne, kurma. In mazubi bai buɗe ba zai damƙi iska ya kai ta ruwa ya saki, ya komo ya sake.

Kasuwa ba ta buɗe musu da wuri ba a Amurka, ko da ya ke Engelberger ya kai injin har gidan talabijin cikin 1966, aka nuna shi yana zuba abin sha a kofi yana kaɗa sandar shugaban makaɗa. Mutanen Japan ne suka gane abin. Ƙasarsu na bunƙasa, ma'aikata sun yi ƙaranci, manyan kamfanoninsu kuma ba su cika sallamar mutum ba in sun ɗauke shi, saboda haka ma'aikaci bai ga inji kamar kishiya ba. Kamfanin Kawasaki ya yi yarjejeniya da Unimation cikin 1968, ya fid da nasa cikin 1969, kafin shekara 20 kuwa Japan ta wuce kowa. A Turai ma kamfanin KUKA na Jamus ya fid da hannu mai gaɓa 6 cikin 1973, ASEA na Suwidin ya fid da mai aiki da lantarki zalla da 'yar kwamfuta a ciki cikin 1974. Hannun lantarki ya fi na mai tsabta da saiti, shi ne kuwa ya ci kasuwa. Kamfanin Unimation, da ya daɗe yana riƙe da na mai, aka sayar da shi cikin 1983.

Kada mai karatu ya zaci da zuwan injin nan ma'aikaci ya huta. A ma'aikatar General Motors ta Lordstown, jihar Ohio, an jera Unimate sama da 20 suna walda, aka ƙara wa sarƙa gudu har mota wajen 100 ke wucewa a sa'a. Watau kowane mutum da ya rage a layi yana da daƙiƙa 36 ya gama nasa kafin wata mota ta iso. An gudu ba a tsira ba. A watan Maris na 1972 ma'aikata, galibinsu samari, suka yi yajin aiki na kwana 22, ba don kuɗi ba, don gudun sarƙa. Ran 25 ga Janairu 1979 kuma, a wata ma'aikatar Ford ta Flat Rock a jihar Michigan, wani saurayi ɗan shekara 25 ya hau rumbun ajiya don ya ɗauko kaya da kansa, hannun injin ɗebo kaya ya buge shi a kā ya mutu nan take, injin ya ci gaba da aikinsa. Shi ne mutum na farko da aka rubuta irin wannan inji ya kashe. Saboda irin haka aka saba kewaye su da keji kamar namun daji, in an buɗe ƙofa wuta ta yanke. Sai daga baya aka yi musu ido na kyamara da gaɓoɓi masu jin taɓi, har kamfanin Universal Robots na Danmak ya fara sayar da ƙananan hannuwa cikin 2008 waɗanda su kan tsaya in sun ci karo da mutum, a kan kafa su gefen ma'aikaci ba keji.

Ƙungiyar masu ƙera su ta duniya ta ƙidaya cewa a 2023 akwai sama da miliyan 4 suna aiki a masana'antu, rabin waɗanda aka kafa a shekarar kuwa a ƙasar Sin ne. A Koriya ta Kudu, bisa kowane ma'aikacin masana'anta 10,000 akwai inji sama da 1,000. Masu son abin su kan ce ƙasashen da suka fi yawan injuna ba su ne suka fi yawan marasa aiki ba, gaskiya ne kuwa. Amma lissafin ƙasa dabam, na magidanci dabam. Mai waldan da ya kai shekara 50 aka sallame shi, ba ya cin abinci da labarin cewa an ɗauki wani yaro aikin kwamfuta a wani gari. Akwai kuma ƙasashen da su ke sa ran su jawo masana'antu da arahar hannu, kamar yadda na Asiya suka yi a da. In inji ya fi hannu araha, wannan ƙofa sai ta ƙuntata.

A sararin sama kuwa babu wannan gardama, gama babu ma'aikacin da aka ƙwace wa gurbi. Can ba iska, rana ta ƙona inuwa ta daskarar, kowane kilo da za a ɗaga kuma sai an ƙona dukiya. Mutum sai an kai masa iska da ruwa da abinci, sai kuma an komo da shi. Inji ba ya bukatar komowa. Tun da Rasha ta harba Sputnik ran 4 ga Oktoba 1957 aka shiga tsere tsakaninta da Amurka, har ƙurar tseren ta iso mu, gama Amurkawa sun kafa tashar sauraro a Kano, da ita John Glenn ya yi magana sa'ad da ya ke kewaya duniya ran 20 ga Fabrairu 1962. Kafin mutum ya taka Wata sai da aka aika injuna su taɓa su gani, don waɗansu masana na tsoron ƙasarsa toka ce mai haɗiye kumbo. Luna 9 na Rasha ya sauka lafiya cikin Fabrairu 1966, Surveyor 3 na Amurka ya tona ƙasa da ɗan hannunsa cikin 1967. Da Amurkawa suka riga su kai mutum cikin 1969, sai Rashawa suka duƙufa ga injuna. A Satumba 1970 Luna 16 ya sauka, ya haƙo ƙasa giram 101, ya zuba a gwangwani ya harbo shi gida, ba mutum ko ɗaya a ciki.

Bayan wata biyu, ran 17 ga Nuwamba 1970, suka sauke Lunokhod 1, keken farko da ya yi tafiya bisa wata duniya. Siffarsa kamar babbar tukunya mai murfi bisa ƙafa 8, nauyinsa kilo 756. Ƙafafun nan wani injiniya ne, Alexander Kemurdzhian, ya tsara su a wata ma'aikatar Leningrad da aikinta ƙera tankokin yaƙi ne. Rana ɗaya ta Wata kamar kwana 14 ce tamu, dare ma haka. In gari ya waye sai ya buɗe murfi, cikin murfin akwai faranti mai mai da hasken rana lantarki. In dare ya yi sai ya rufe ya tsaya cik, wani ɗan ma'adini mai fid da zafi da kansa yana ɗumama masa ciki har asuba. Mutum 5 ke tuƙa shi daga Kirimiya ta wayar iska: shugaba, da direba, da mai duba hanya, da injiniya, da mai saita eriya. Tuƙin kuwa wahala ne. Tsakaninmu da Wata mil wajen 240,000 ne, saƙo ya kan yi daƙiƙa ɗaya da 'yan kai kafin ya isa, hoton da direba ke gani kuma ba mai gudana ba ne, ɗaya bayan ɗaya ya ke zuwa, wani lokaci sai an jira har daƙiƙa 20. Sai ka ce mai tuƙa mota da dare ba fitila, yana jiran walƙiya. An yi masa zaton wata 3, ya yi sama da wata 10, ya ci mil 6 da rabi. Ƙanensa Lunokhod 2 ya ci mil 24 cikin 1973, kafin ya gogi bangon wani rami ƙasa ta zubo masa a murfi. Da aka rufe murfin sai ƙasar ta lulluɓe mafitar zafinsa, zafi ya kashe shi.

Aikin Kemurdzhian bai ƙare a Wata ba. Da tashar lantarkin nukiliya ta Chernobyl ta fashe ran 26 ga Afrilu 1986, gutsattsarin cikinta suka warwatsu bisa rufin ginin da ke maƙwabtaka, suna fid da wani tururi marar ganuwa mai ratsa jiki ya ɓata jini. Aka kira mutanensa, suka ƙera kekuna bisa fasalin Lunokhod masu tura shara, suka yi abin da suka iya. Aka kawo waɗansu injuna daga waje, tururin ya ƙone musu ƙwaƙwalwa suka tsaya. Da aka rasa yadda za a yi a wuraren da suka fi muni, sai aka ɗebo sojoji dubbai, aka rataya musu dalma a jiki, kowa ya fita da shebur a guje ya kwasa na minti ɗaya ko biyu ya komo, shi da rufin nan har abada. Sunan da aka laƙaba musu ma'anarsa mutum-mutumi mai rai. Inda ƙarfe ya kasa, an koma ga robota ta asali.

Za mu wuce hannun nan mai tsawon ƙafa 50 da Kanada ta ƙera wa kumbon Amurka cikin 1981, wanda a nan ƙasa ba ya iya ɗaga ko nauyin kansa amma a sama ya kan kamo tauraron ɗan Adam sukutum. Shi mutum ke juya shi yana kallo ta taga. Wurin da inji ya fara koyon yanke shawara shi ne Mars, jan tauraron nan da littattafan Larabci ke kira Al-Mirrikh. Nisa ne ya tilasta. Saƙon wayar iska ya kan yi daga minti 3 zuwa 22 kafin ya isa can, gwargwadon inda taurarin biyu su ke, amsa ma haka. In keke ya doshi rami, kafin direba ya gani ya ce tsaya, an daɗe da faɗawa.

Duk wanda ya san mulkin ƙasa kafin zuwan mota da waya zai gane wannan. Dogarin da ke ƙofar fada a kan ce masa je ka, komo. Amma hakimin da ke gabas mai nisa, tafiyar kwana bakwai, ba a yi masa haka. A kan gaya masa abin da a ke so, da iyakar da ba zai ƙetare ba, sauran ya yi da hankalinsa ya aiko da labari. Haka masu tuƙin Pasadena a Kalifoniya su ke yi. Kowace safiya ta Mars su kan aika da umurnin yini: je wajen dutsen can, tona nan, ɗauki hoto. Keken ya kan duba da kyamara biyu kamar idon mutum don ya auna nisa da tudu, ya zaɓi hanya, in ya ga abin da ya fi ƙarfinsa ya tsaya ya jira. Yinin Mars ya fi namu da minti wajen 40, saboda haka a watannin farko masu aikin su kan bi agogon can, lokacin zuwansu ofis yana ja baya kullum har su riƙa karin kumallo da tsakar dare.

Na farkonsu, Sojourner, ya sauka ran 4 ga Yuli 1997, bai fi akwatin kaya ba, bai kuwa ci fiye da yadi 100 da kaɗan ba. A Janairu 2004 aka sauke tagwaye, Spirit da Opportunity, kowane da wa'adin kwana 90, gama an tabbata ƙura za ta rufe farantan hasken ranarsu su mutu. Ashe akwai guguwa da iska a can, su kan bi ta kansu su share ƙurar. Spirit ya karye ƙafar gaba ta dama cikin 2006, aka riƙa tuƙa shi da baya yana jan ta. Jan ƙafar nan ne ya tone wata farar ƙasa cikin 2007, irin wadda a nan duniya a kan samu wurin maɓuɓɓugar ruwan zafi, babbar alama cewa an taɓa yin ruwa a wurin. Ya kafe cikin rairayi a 2009, aka daina jinsa a 2010. Opportunity kuwa ya yi shekara 14 yana yawo, ya ci mil 28, har wani hazo mai kauri ya lulluɓe tauraron duka cikin Yuni 2018, rana ta ɓace masa, bai sake magana ba.

Curiosity, wanda ya sauka cikin Agusta 2012, ya kai girman ƙaramar mota, kilo wajen 900, an kuwa raba shi da dogara ga rana, aka ba shi ma'adini mai ba da zafi da lantarki. Saukarsa ta nuna iyakar ikon mai aike. Daga shigarsa iskar Mars da gudun mil 13,000 a sa'a zuwa taɓa ƙasa minti 7 ne, saƙo kuwa a ranar minti 14 ya ke yi a hanya. Watau sa'ad da mutanen Pasadena suka ji ya shiga iska, ya riga ya yi minti 7 a ƙasa, ko lafiya ko a farfashe. Buɗe lema, da yar da garkuwar zafi, da kunna roka, da zuro keken da igiya daga wani dandamali mai shawagi, duk shi kaɗai ya yi. Perseverance ya bi sawunsa ran 18 ga Fabrairu 2021, ɗauke da ɗan jirgi mai saukar ungulu, Ingenuity, wanda bai kai kilo 2 ba. Iskar Mars ba ta fi kashi ɗaya cikin ɗari na kaurin tamu ba, duk da haka ya tashi ran 19 ga Afrilu 2021. An so ya tashi sau 5, ya tashi sau 72 kafin fiffikensa ya karye a Janairu 2024.

Tseren ya daina zama na ƙasa biyu. Japan ta ɗebo ƙura daga duwatsun da ke yawo a sarari cikin 2010 da 2020, Indiya ta sauke keke kusa da kudancin Wata a Agusta 2023, Sin kuwa ta kawo ƙasa kusan kilo 2 daga bayan Wata, gefen da ba mu taɓa gani daga nan, a Yuni 2024.

Daga Mars dai ba inji da ya kawo ko tsakuwa tukuna, amma tauraron ya aiko da kansa. Ran 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18, watau laba 40, ya faɗo da ƙara a wata gona kusa da Zagami cikin Lardin Katsina, 'yan taku kaɗan daga mai gonar, ya nutse cikin ƙasa. Shekaru da yawa ba wanda ya iya tabbatar da inda ya fito. A 1976 kumbunan Viking biyu na Amurka suka sauka a Mars suka auna irin iskar da ke can. A 1983 masana suka sami 'yar iska kulle cikin wani dutse da aka tsinto a ƙanƙarar Antatika, suka gwada ta da awon Viking, ta yi daidai. A 1995 aka sami irin wannan iska cikin dutsen Zagami. Wani babban dutse ne ya bugi Mars tun zamani mai nisa, ɓaraguzai suka fantsama sarari, ɗaya ya yi ta yawo har ya faɗo ƙasar Katsina. Da za a harba kumbon Mars Global Surveyor a Nuwamba 1996, masu haɗa ɗaya daga na'urorinsa suka manna masa ɗan ƙwayar dutsen Zagami. Kumbon ya isa cikin 1997, ya yi shekara 9 yana kewaya Mars yana zana taswirarsa, aka daina jin duriyarsa a Nuwamba 2006, ƙwayar dutsen na manne a jikinsa.